Yadda Turai Ta Shanye Bincikenta

Turai Sulaiman ta sauka Dubai a ƙarshen shekarar 2016 da akwati ɗaya, da digiri biyu a ilimin tsirrai, da saƙonnin dangi waɗanda suka fi akwatin nauyi. Tun kafin ta bar Funtuwa an gama rabon ta: wannan na son abaya mai duwatsu, wancan na son turaren wuta, wata kuma 'yan kunnen gwal, "ko ƙanana ne ba komai." Babu wanda ya tambaye ta aikin da aka ɗauke ta. A unguwarsu in aka ce mace ta tafi Dubai, saro kaya ta je. In kuma aka ce mai karatu ce, to likita ce. Mahaifiyarta, Hajiya Rabi, ta duba biyun ta zaɓi likita, ta kuma sanar da maƙwabta.

Aikin kuwa a wata cibiyar binciken noma yake, can bayan gari inda benaye ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Abin da ake nema a wurin shi ne amfanin gonar da zai sha ruwan zartsi bai mutu ba, don ruwan rijiyoyin yankin gishiri ya yi masa yawa. Aka raba wa ma'aikata tsirrai, Turai ta samu sha'ir.

"Sha'ir?" in ji Hajiya Rabi a waya. "Wanda malam ke karantowa a babin zakkar fid da kai?"

"Shi fa, Umma."

"Ashe akwai shi da gaske. Ni na ɗauka a littafi kaɗai yake. To me kike yi masa?"

"Ƙirga shi nake yi."



"Turai," in ji uwar a hankali, "wannan magana ta tsaya tsakanina da ke."

Ɗaki ta kama a Al Rigga, a gidan wata 'yar kasuwa mutuniyar Maraɗi mai suna Hannatou, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba. Falon gidan sunansa kawai falo, amma sito ne mai talabijin. Kwalayen takalma har rufi, dilolin leshi a bayan kujera, jakunkunan mata a ƙarƙashin tebur, duk suna jiran kago zuwa Yamai. Hannatou ba ta da lokacin abin da ba a sayarwa, sai dai tana da son jin ƙwaƙwaf. Wata Juma'a ta tsare Turai sai ta faɗa mata abin da ake biyan ta albashi a kansa. Turai ta zaro zangarniya biyu daga jakarta ta ajiye a kan kwalin takalmi.

"Kin ga wannan, Tanti? Layi biyu gare ta. Wannan kuma shida. A kowace gaɓa fure uku ne ke fitowa. A mai layi biyu na tsakiya kaɗai ke yin ƙwaya, na gefe 'yan rakiya ne. A mai shida kuwa kowa na aiki. Duk wannan bambanci daga ƙwayar gado guda ɗaya yake, ɗan canji ne kawai a cikinta."

"Bon. A shuka mai shidan mana kowa ya huta, ke ma ki dawo ki taya ni ɗaure kaya."

"Ai nan gizo... nan matsalar take. Mai shida ta fi yawan ƙwaya, amma ƙwayar ta fi ƙanƙanta, kuma ba ta cika yin rassa daga gindi ba. Abin da ta samu nan, sai ta rasa shi can."

Hannatou ta ɗaga zangarniyar ta juya ta kamar tana duba ɗinkin jaka.

"Wato shago uku ta buɗe da kayan shago ɗaya. Na san irinsu, sun cika kasuwar Deira."

A damina ta farko, in ana iya kiran sanyin Dubai da ruwan tiyo damina, Turai ta gamu da abin da ya cinye mata shekaru biyar. Tana bin layukan gonar gwaji da safe, sai ta ga wata shuka guda ɗaya da ta fita daban. Zangarniyarta ba ta miƙe siririya kamar ta 'yan'uwanta ba. Daga ƙasa ta yi reshe dama, ta yi reshe hagu, kowane reshe ɗauke da nasa furannin, ta baje ta cika wuri. Turai ta durƙusa a gabanta ta ce, "Gwaggo Hadijatu!"

Gwaggo Hadijatu yayar babanta ce, wadda in ta yi ɗaurin ɗankwali ranar biki sai na bayanta su haƙura da ganin amarya.

Turai ta ruga ta kira shugabanta, Dakta Munzir, wani dattijo ɗan Siriya mai sanƙo wanda ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a kan sha'ir. Ya zo da kofin shayinsa, ya duƙa da ƙyar, ya daɗe yana kallo. Ya ce an taɓa ganin masu reshe irin wannan, amma bai san an gwada su a ruwan gishiri ba. In reshen gado ne, kuma in shukar za ta iya cika duk furannin nan da ƙwaya, to akwai magana. Aka ba ta lamba mai tsawo a takarda, amma ba wanda ya taɓa kiran ta da lambar. Larabawa da Indiyawan cibiyar "Gogo" suke cewa. Sai ka ji ƙaton farfesa a taro yana tambaya ko an ba Gogo ruwa.

Shekara ta zagayo aka shuka 'ya'yanta, duk suka fito da ɗaurin uwarsu. Gado ne. Sai aikin aure ya tashi, domin Gwaggo kyau gare ta amma ba ta jure gishiri, dole a haɗa ta da wani irin da ke jurewa. Turai kan zauna a kan bokiti tun hantsi bai ɗaga ba, da hantsaki a hannu, tana buɗe furanni ɗaya bayan ɗaya, tana cire sassan namiji kafin su nuna, ta rufe zangarniyar da 'yar jakar takarda. In lokaci ya yi ta kawo garin furen angon ta barbaɗa. Ta ce a wannan shekarar ta ɗaura auren da limamin unguwarsu bai ɗaura ba tun da aka naɗa shi, kuma ba wanda ya kawo mata ko goro.

Nata auren ne dai bai ɗauru ba. Akwai wani injiniya ɗan Katsina, Izzuddeen, mai fara'a da agogo mai nauyi, wanda ya gayyace ta shan shayi a Bur Dubai. Suka hau abra, ɗan kwalekwalen da ke tsallaka da mutane. Ya yi kuskure ya tambaye ta yaya aiki. Ta fara bayani tun daga wannan gaɓa har waccan, ta ci gaba a kan shayi, ta ƙarasa a hanyar dawowa. Da suka sauka, sai bawan Allah ya ce:

"Amma ba da sha'ir ake yin giya ba?"

Ta ce ana yi da shi a wasu ƙasashe, nasu dai na abinci ne da kiwo. Shi kuma ya ba ƙanwarsa labari don raha, ƙanwar ta ba ƙawarta, ƙawar tana aure a Funtuwa. Kafin wata ya mutu labari ya nuna ya faɗo: Turai 'yar gidan Sulaiman a kamfanin giya take aiki.

"Umma, wallahi ko warinta ban sani ba," in ji Turai da aka kira ta. "Yawancin namu ma dabbobi ke ci. Raƙuma, tumaki, awaki."

"Wato abincin akuya kike haɗawa."

"Kusan haka."

Hajiya Rabi ta yi ajiyar zuciya. Ta ce za ta yi tunani ta ga wanne ya fi sauƙin faɗa wa mutane.

Ita ma Gwaggo Hadijatu ta gaske labari ya kai mata. Ta bugo da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ke Turai, an ce kin sa wa ciyawa sunana."

"Gwaggo, duk gonar babu mai kyanta. Turawa har hoto suke ɗaukar ta."

"To," in ji Gwaggo bayan ɗan nazari. "A kula da ita."

'Ya'yan auren farko suka fito duk siraran zangarniya, babu mai reshe ko ɗaya. Hannatou ta ce an yi asara, angon ya fi ƙarfin jini. Turai ta ce a'a, reshen na nan ɓoye, a jira jikoki. Haka kuwa aka yi. A shukar ƙarshen 2019, kusan ɗaya cikin kowace huɗu ta fito da ɗaurin kakarta. Turai ta bi shuka ɗaruruwa, ta yanki ganyen kowace aka adana a firji don duba ƙwayoyin gadonta. A watan Maris na 2020 aka girbe su, kowace shuka da ambulan ɗinta da lambarta. Abin da ya rage shi ne a sussuke, a ƙirga ƙwayar kowace, a auna nauyinta, sannan a haɗa da abin da ganyen ya nuna. A nan za a san ko reshen Gwaggo na ƙara amfani ko ado ne kawai.

Sai korona ta zo aka kulle gari. Ko burodi mutum zai saya sai ya nemi izini ta waya. Dakta Munzir ya ce aikin ba zai jira ba, ya yarje mata ta tafi gida da kwalaye biyu na ambulan da ɗan ƙaramin sikeli.

Turai ta tsara abinta: za ta fara sussuke duka, sannan ta zauna ƙirga da awo. Ta gama kwali na farko a falo, ta mayar da tsabar kowace shuka ambulan ɗinta fes, babu ƙaiƙayi. Amma zama a falon ya gagara. Jirage sun tsaya, kago ya tsaya, Hannatou ta rasa abin yi sai kallon finafinan Turkiyya da ƙarar da ake ji har lif, da kuma girki. Ta dafa duk abin da ke gidan mai dafuwa. Turai ta kwashi kwali na biyu ta koma ɗakinta. Ana haka azumi ya kama.

Wata rana da hantsi Hannatou ta leƙo ɗakin, ta tarar da Turai da abin ji a kunne tana taron ofis ta kwamfuta.

"Ma chérie, waɗancan na falo fa?"

Turai ta ɗaga hannu ba ta ko juyo ba. "Waɗancan khalas, Tanti."

Khalas da Larabci "an gama" ke nan, ita kuma sussuka take nufi. Hannatou kuwa a kasuwa ta koyi Larabcinta, inda in aka ce khalas to an rufe magana, kowa ya kama gabansa. Ta ga hatsi mai kyau, tsabtatacce, an gama da shi, ga azumi, ga geron da ta zo da shi daga gida ya ƙare tuntuni. Ta zauna ta buɗe ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya ta juye a roba. Ta wanke, ta shanya a baranda, ranar Dubai ta yi aikinta. Ta soya sama-sama, ta niƙa a blanda, ta tankaɗe. Ta dama kunu da tsamiya da citta da kanumfari.

Da aka sha ruwa Turai ta kurɓa ta lumshe ido.

"Tanti! Ina kika samo gero a kullen nan?"

"Sha kawai, ki yi mini addu'a."

Ta sha kofi biyu. Ta ɗauki hoton na uku ta tura wa 'yan gidansu, ta rubuta cewa ko a Funtuwa ba a dama irin wannan. Haka aka yi ta yi kullum da magariba, har garin ya kusa ƙarewa.

Ranar da ta gama sussukar kwali na biyu ta fito falo da sikelinta za ta fara awo. Ta sunkuya ta ɗaga kwali na farko da ƙarfi, sai ya taho mata sakayau har ta kusa faɗuwa da baya. Ta buɗe. Ambulan ɗin na nan duka, an jera su tsaf, an ɗaure da kyauro. Hannatou ba ta zubar da abu mai amfani.

"Tanti," ta kira da wata murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. "Ina jikokin Gwaggo?"

Hannatou ta fito daga kicin da ludayi. Ta dubi kwalin, ta dubi Turai, ta dubi ludayin.

"Ke kika ce khalas."

"Khalas ɗin sussuka!"

"To ni khalas ɗaya na sani."

"Tun zuwana garin nan nake wannan aikin, Tanti! Bayana ya ƙage a kan bokiti! Miji ya gudu!"

"Wannan ba ni na kore shi ba. Kuma ai ke kika fi kowa sha."

Turai ta zauna daɓas a kan dilar leshi ta fashe da kuka. Kukan gaske, da majina. Hannatou ta tsaya jikinta ya yi sanyi, don ba ta taɓa ganin yarinyar nan ta zubar da hawaye ba. Ta koma kicin a hankali, ta dawo da wata 'yar roba mai murfi, da ɗan sauran gari a gindinta. Ta miƙa da hannu biyu.

"Ga abin da ya rage. Ko za a iya ƙirga wannan?"

Turai ta dubi garin. Kukan ya sarƙe da dariya, ta rasa wanne take yi, har ta ƙware.

Kiran Dakta Munzir ne ya fi ba ta tsoro. Ta yi alwala, ta sa mayafinta mafi kamala, ta kunna kwamfuta ta zayyana masa komai ba ta rage ba. Ya saurara bai katse ta ba. Da ta gama ya cire tabarau ya shafa sanƙonsa.

"Ba wanda ya yi ciwon ciki?"

"Babu, Dakta."

"Alhamdulillah." Sannan ya matso kusa da kyamara har hancinsa ya cika allon. "Yaya ɗanɗanonsa?"

"Da daɗi, Dakta," in ji ta cikin ƙaramar murya. "Sosai."

Ya ce shi a ƙasarsu awakin maƙwabci ne suka taɓa cinye masa gwaji sukutum, kuma ba su dawo sun ba shi rahoto ba, don haka ita ta fi shi samun bayani. Akwai ragowar iri a ma'ajiyar cibiya, za a sake shukawa in sanyi ya dawo. Shekara ɗaya ce ta tafi.

"A rahoto me zan rubuta?"

"Ki rubuta an yi asara bayan girbi, ya binti, 'yata. Ai ba ƙarya kika yi ba."

Duk da haka Turai ta yi kwanaki ba ta magana da Hannatou, abin da ke da wuya a gidan da ba mai izinin fita kuma banɗaki ɗaya ne. Hannatou ce ta gaji, ta zo ta zauna a ƙofar ɗaki ta ce a ba ta aiki ta rama. Turai ta ba ta ambulan ɗaya ta ƙirga. Ta fara da Faransanci, ta koma Hausa a tsakiya, waya ta shigo daga Maraɗi, ta dawo ta manta inda ta tsaya, ta ce ai dai sun kai ɗari da wani abu. Turai ta karɓe ambulan ɗin ta ce ta yafe mata duniya da lahira, da sharaɗin kada ta sake taimakawa.

Aka sake shuka a Nuwamba, aka girbe a farkon 2021, wannan karon a cibiya, a ɗaki mai makulli. Sakamakon ya fito ba kwana-kwana. An gano wurin da canjin yake a ƙwayoyin gado, wannan ya yi kyau. Amma Gwaggo ba ta iya ciyar da abin da ta haifa. Furanninta sun fi na kowa yawa, sai dai da dama sukan bushe tun ba su yi ƙwaya ba, waɗanda suka yi kuma sirara ne kamar an matse su. In aka ɗora a sikeli ba ta fi mai siririyar zangarniya ba. A ruwan gishiri ma baya take komawa.

Turai ta ji ciwon abin fiye da yadda ta nuna. Ta so a ce wata rana wani manomi a wata ƙasa mai gishiri ya cika buhu saboda ita. Ta yi mako tana zuwa aiki ba ta leƙa gona. Dakta Munzir ya same ta a wurin shan shayi ya ce mata "a'a" ma amsa ce, kuma ta hutar da mutum goma a ƙasashe goma daga zama a kan bokiti. Ya sa ta rubuta takardar binciken, sunanta a farko. Hannatou ta nemi a sa nata, tunda ita kaɗai ta gano amfanin abin. Aka sa ta a sashen godiya, "saboda gudummawa ta musamman."

Gwaggo Hadijatu ta bugo jin yadda takwararta ta ƙare. Turai ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗi gaskiya: ado ya yi yawa, nauyi babu.

"Hassada ce," in ji Gwaggo, ta kashe wayarta.

A watan Disamba na shekarar aka kira taron ma'aikata. Cibiya ta samu sabon aiki, za a gwada gero a ruwan zartsi, ana neman wanda zai jagoranta. Duk ɗakin ya juyo ya dubi Turai. Wani Ba'indiye ya ce ai ita 'yar ƙasar gero ce, a cikinsa aka haife ta. Turai kuwa a gidajen ma'aikata ta tashi, babanta akawu ne, ko tumatir ba su taɓa shukawa a bayan gida ba. Geron da ta sani na jarrabawa ne da na cikin fura. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, sai ta ji an ambaci ofis mai taga da mataimaka biyu. Ta gyara zama ta ce in sha Allahu ba za ta ba su kunya ba.

Da yamma ta sauka daga jirgin ƙasa a Al Rigga, ta shiga shagon wani Ba'indiye mai kayan abinci ta tambaya ko yana da gero. Ya nuna mata buhu a lungu, ya ɗauko leda da mazubi.

"Kilo nawa, madam?"

"Tafin hannu ɗaya ya isa. So nake in kalle shi."

Mutumin ya dube ta da kyau, ya dubi katin aikin da ke rataye a wuyanta. Ya ɗebo da hannunsa ya zuba mata a leda, ya ce ta tafi kawai, Allah ya ba da lafiya.